GAWAYI DA JAN ƘARFE A RUWAN SHA

Kwanan baya na sauka wani ƙauye wajen aikin duba rijiyoyi, sai wani maigida ya ja ni har cikin gidansa don ya nuna mini abin da ya ƙirƙira. Ya sami bokiti, ya huda gindinsa, ya zuba tsakuwa da rairayi da gawayi, ya ɗora bisa randa. Ya ce ya ji an ce gawayi na cire dafin ƙarfe daga ruwa, shi ya sa ya yi. Na yaba masa ƙwarai. Sa'an nan na tambaye shi yaushe rabon da ya sake gawayin. Ya ce, "Ashe a kan sake shi, Malam? Ai wannan damina biyu ke nan yana ciki."

Amsar nan tasa ita ta sa na ga ya kamata a yi wa masu gida da matan gida bayani sosai. Gaskiya ne gawayi na kama ƙarfen da ya narke cikin ruwa, kuma ina goyon bayan a yi amfani da shi. Amma a ganina shi ne abu na uku. Na farko a gwada ruwa, na biyu a toshe hanyar da ƙarfen ke shiga. Wanda ya tsallake biyun nan ya dogara ga gawayi kaɗai, zai yiwu ya fi wanda bai tace ba shiga haɗari, gama shi ya saki jiki.

MUN DAƊE DA SANIN JAN ƘARFE

Jan ƙarfe, wanda waɗansu ke ce wa gaci, waɗansu kuwa tagulla, ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda ta ƙasar Azbin cikin 1353, ya tarar ana narka shi ana yin sanduna, ana kai wa Gobir da Barno. Ko kalmar kwabo ma daga sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan ƙarfe aka samo ta. Yau kuwa yana cikin wayar lantarki, da kan famfo, da waɗansu bututun ruwa, da buta da kwanonin ado, da kuma maganin feshi mai launin shuɗi ko kore da a ke fesa wa tumatir da sauran kayan lambu don ciwon ganye.

Jikin mutum yana bukatarsa, amma ɗan kaɗan ƙwarai. Babban mutum bai bukaci ko miligiram 1 cikakke a yini ba, kuma yana samunsa cikin hanta, da wake, da gyaɗa, da riɗi. Kamar gishiri ya ke, kaɗan ya gyara miya, da yawa ya ɓata ta.

To, ina iyaka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 2 cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta fi tsanani, ta tsaya a miligiram 1. Don a gane ƙanƙantar abin, sai a ɗauki duro mai cin lita 200. Miligiram 2 a kowace lita ya zama miligiram 400 a duron duka, watau kamar nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya. A ƙa'idar Nijeriya kuwa rabin ƙwayar ke nan. Kun ga ba abin da ido zai iya aunawa ba ne.

ABIN DA YA KE YI WA JIKI

In ya yi yawa a ruwa, alama ta farko ita ce tabo mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore a bakin famfo, ko a kwano, ko a farin tufa. Wannan na iya farawa da zarar ya haura miligiram 1. In ya ƙaru, sai ruwa ya yi ɗaci da ɗanɗanon ƙarfe. In ya kai wajen miligiram 4 zuwa 6, sai waɗansu su fara jin tashin zuciya, daga nan sai amai, da ciwon ciki, da zawo. Wanda ya daɗe yana shan mai yawa, hantarsa da ƙodarsa su ke shan wahala.

Jarirai su ne abin ji, gama hantarsu ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba. A wani yanki na ƙasar Ostiriya da a ke kira Tirol, yara ƙanana 138 suka mutu da ciwon hanta tsakanin 1900 da 1974. Da likitoci suka bi diddigi, sai suka tarar ana dafa musu madarar shanu cikin tukwanen jan ƙarfe da na tagulla waɗanda ba a shafe cikinsu da kuza ba, ga kuma wani rauni na gado da yaran ke da shi. Da aka sake tukwane, ciwon ya ɗauke. An ga irin wannan a ƙauyukan Indiya, can ma da aka bar dafa wa jarirai madara cikin tagulla sai ciwon ya ragu ƙwarai. Akwai kuma wani ciwo na gado, wanda Likita Wilson na Ingila ya bayyana cikin 1912, mai hana jiki fitar da jan ƙarfe. Ya kan sami kamar mutum ɗaya cikin 30,000.

Masu kiwo su lura, tumaki ba su jure jan ƙarfe ko kaɗan. Ya kan taru cikin hantarsu a hankali, ran nan sai a ga tunkiya ta faɗi. Kifi kuwa ya fi mutum saurin mutuwa da shi nesa ba kusa ba. Saboda haka in aka wayi gari kifin tafki ya taso sama matacce, kada a ce an sami banza a kwashe a soya. Gargaɗi ne.

TA INA YA KE SHIGA?

Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyin da jan ƙarfe ya fi bi ya shiga ruwan gida su ne waɗannan:

1. Ruwan da ya kwana cikin bututu ko kan famfo na jan ƙarfe ko tagulla, balle in ruwan yana da ɗan tsami-tsami.
2. Wanke injin feshi, ko zubar da ragowar magani, a bakin tafki ko kusa da rijiya.
3. Ƙona wayar lantarki da 'yan jari-bola ke yi don su fitar da ƙarfen ciki. Tokar tana nan a ƙasa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kududdufi.
4. Ruwan da ke fitowa daga ramin haƙar ma'adinai, da wurin wanke dutse, da kwatar masana'antu.
5. Ajiye abu mai tsami, kamar nono, ko kunun tsamiya, ko zoɓo, cikin kwanon jan ƙarfe ko tagulla. Tsami shi ke narka shi da sauri.

Na huɗun nan shi ne mai babbar ɓarna. Ran 18 ga Fabrairu, 2025, madatsar dattin wata ma'adinar jan ƙarfe ta ɓalle a Cambishi ta ƙasar Zambiya. Rahoton farko ya ce wajen lita miliyan 50 na ruwa mai guba ya kwarara zuwa kogin Kafuwe. Kifi ya mutu, gonaki suka ƙone, aka rufe famfon birnin Kitwe. Sai da gwamnati ta sa jiragen sama suna zuba farar ƙasa cikin kogin don a kashe tsaminsa. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin bokitin gawayi.

Mu ma nan gida mun ga abin da ƙarfe ke yi. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinariya da a ke yi cikin gidaje. Cikin 2015 yara 28 suka mutu ta wannan hanya a Rafi ta Jihar Neja. Ƙura da ƙasa su suka fi kai gubar bakin yaran nan, amma akwai abin koyo game da ruwa, watau dutsen ma'adini ba safai ya ke ɗauke da ƙarfe iri ɗaya tak ba. Dalma kuwa ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano cikin ruwa, kuma iyakar da aka yanka mata ta kasa ta jan ƙarfe sau 200. A duron nan namu, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba ya isa ya ƙetare iyaka.

YADDA GAWAYI KE KAMA SHI

In uwargida ta narka gishiri cikin ruwa ta tace da ƙyalle, ruwan zai fito da gishirinsa. Haka ƙarfen da ya narke ya ke. Ƙyalle ba ya tare shi, rairayi ma ba abin dogara ba ne. Alif na kwantar da laka, maganin ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba don cire ƙarfe aka yi su ba. Tafasawa kuwa ƙara masa kauri ta ke yi, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta daɗe bisa wuta.

Aikin gawayi dabam ne. Kowa ya san yadda ƙarangiya ke manne wa wando in an ratsa daji. To, ƙwayoyin ƙarfe su ne ƙarangiya, gawayi shi ne wandon. Ruwa ya wuce, ƙarfe ya liƙe. Abin da ya ba gawayi wannan ƙarfi shi ne cikinsa duk ramuka ne ƙanana, kamar gidan gara, kuma bangon kowane rami wurin mannewa ne. Akwai gawayin da a ke gyarawa musamman a masana'anta da tururi mai zafi ƙwarai. In da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram 10 na mai kyansa, sai ya rufe gona mai eka biyu da rabi. Gawayin girki bai kusa da wannan ba, amma shi ma yana da nasa gwargwado.

Masana a jami'o'i, har da na ƙasarmu, sun gwada abubuwa da yawa da mu ke zubarwa a juji: ƙaiƙayin shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara, da ɓawon ayaba, da 'ya'yan zogale, da yumɓu. Duka an ga suna kama jan ƙarfe, wani ya fi wani. Gawayin ƙashi yana cikin masu ƙarfi, domin abin da aka gina ƙashi da shi yana riƙe ƙarfe tamau. A Kenya an daɗe ana tace ruwan sha da shi don cire wani sinadari mai ɓata haƙora. Wannan labari ne mai daɗi ga talaka, tun da kayan duka suna bayan gidansa.

INDA GIZO KE SAƘA

Amma fa akwai abu huɗu da mai bokitin nan bai sani ba.

Na ɗaya, gawayi na cika. Mota in ta cika, kowane fasinja ya zo sai ya wuce. Bari mu yi lissafi. A ce gida na da mutum 10, suna sha da girki da lita 50 a yini, ruwan kuwa na da miligiram 4 a kowace lita. Miligiram 200 ke nan kullum. Mu ɗauka kowane giram na gawayin zai iya riƙe miligiram 5. Kilo ɗaya zai riƙe 5,000, watau cikin kwana 25 ya cika. Ragowar kwanakin damina biyun nan fa? Ruwa na shiga yana fita da ƙarfensa, maigida na murna.

Na biyu, cikakken gawayi ba ya sake kama. Baƙi ya shiga, baƙi ya ke. Ba ido, ba hanci da zai gaya maka ya gaji. In kuwa ruwa mai tsami ya bi ta kansa, yana iya sakin abin da ya riƙe, ruwan da ya fito ya fi wanda ya shiga muni.

Na uku, ruwan ɗakin gwaji dabam, ruwan tafki dabam. Masani ya kan auna da ruwa mai tsabta wanda ba kome cikinsa sai jan ƙarfe. A ruwanmu kuwa akwai laka, da tsatsa, da gishiri iri iri, kowa na neman wurin zama cikin ramukan nan. In ruwa ya cika tsami, kamar na ramin ma'adinai, kamun ya kan ragu ƙwarai.

Na huɗu, gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Har ma in ya daɗe a jiƙe sai su mai da shi gida. Wanda ya bar tafasa ruwa don ya sami matata, ya gudu daga ciwon hanta ya tari kwalara da taifot.

MASU CEWA BA HAKA BA

Wani zai ce, "Kakanninmu sun sha ruwan rijiyar nan, ba abin da ya same su." Gaskiya ne. Amma a zamaninsu ba mai wanke injin feshi a bakinta, ba mai ƙona waya a bayan gari, ba injin niƙa dutse. Rijiyar ce ɗaya, abin da ke kewaye da ita ya sake.

Wani zai ce, "An ce shan ruwa a butar jan ƙarfe magani ne." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama an gwada an ga ruwa mai tsabta in ya kwana cikinta waɗansu ƙwayoyin cuta na mutuwa. Amma wannan bai ba da izinin zuba nono ko lemo ko kunu a ciki ba, bai kuma ba da izinin bai wa jariri ba.

Wani kuma zai ce, "Gwaji sai mai kuɗi." Wannan ita ce magana mai nauyi, ba na raina ta. Ga gida ɗaya abin na iya yin tsada. Amma rijiya ɗaya gida nawa ke sha? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ke iya yin karo-karo don gyaran famfon burtsatse zai iya yi don gwada ruwan da ke fitowa daga cikinsa. A ganina kuma nauyi ne bisa hukuma, duk inda a ke haƙar ma'adinai ko a ke zubar da kwatar masana'anta, ta riƙa gwada ruwan ƙauyukan kewaye tana gaya wa jama'a sakamako da harshen da su ke ji. Wanda ya ɓata ruwa kuwa shi ya kamata ya biya kuɗin gyara, ba talakan da ke sha ba.

ABIN DA ZA A YI

Da fari, a gwada. Mai unguwa ko dagaci ya sanar da duba-gari ko ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Su za su nuna yadda a ke ɗibar ruwa cikin kwalba mai tsabta, su kai hukumar ruwa ta jiha, ko ɗakin gwaji na jami'a, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna. A roƙa a duba dalma tare da jan ƙarfe.

Na biyu, a toshe hanya. Da safe a bar famfo ya zuba minti ɗaya ko biyu kafin a ɗebi na sha, na farkon a yi wanki ko ban ruwa da shi. A wanke injin feshi can cikin gona, nesa da tafki da rijiya. A hana ƙona waya da niƙa dutsen ma'adini cikin gari. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi. Abu mai tsami a zuba shi a ƙwarya, ko tukunyar ƙasa, ko kwanon silba. Jariri kuwa a bar shi ga nonon uwa zalla har wata 6.

Na uku, in gwaji ya nuna ƙarfen ya ɗan haura iyaka, kuma ba wani ruwa kusa, sai a yi matata kafin a sami gyara na dindindin:

1. A ƙona totuwa, ko ɓawon gyaɗa mara fumfuna, ko ƙaiƙayi cikin rufaffen duro mai 'yar kafar hayaƙi, har ya zama baƙi, kada ya zama toka. In ƙashin shanu ne, a dafa shi kitse ya fita, a shanya, sa'an nan a ƙona. Kada a sa ɗanyen ɓawo, ruɓewa zai yi. Kada a yi da katako mai fenti ko turken lantarki. In ana samun gawayin masana'anta na tace ruwa, ya fi.
2. A daka ya zama kamar ƙwayar dawa, a wanke har ruwa ya fito garau.
3. Cikin bokitin roba mai ƙaramar huda a gindi, a sa tsakuwa yatsa huɗu, rairayi wankakke yatsa huɗu, gawayi taƙi ɗaya ko fiye, sa'an nan rairayi a bisa.
4. A bar ruwa ya kwanta tukuna, a zuba na sama. Ya riƙa ɗiga a hankali, gama in ya yi gudu ƙarfe ba ya samun damar liƙewa.
5. A tafasa abin da ya fito, ko a sa masa maganin ruwa, a ajiye cikin rufaffiyar randa mai moɗa tata.
6. A kai ruwan da ya fito shi ma a gwada, ma'aikaci ya yanka ranar sake gawayi, a rubuta a jikin bango.
7. Tsohon gawayi kada a yi girki da shi, kada a zuba a gona ko inda dabbobi ke kiwo. A binne shi cikin rami mai nisan yadi 30 ko fiye daga rijiya.

In kuwa ruwan daga ramin ma'adinai ko kwatar masana'anta ya ke, ko ya sake launi, ko an sami dalma a ciki, kada a wahalar da kai da bokiti. A bar shi ɗungum, mutum da dabba, a nemi wani ko da nisa, a kai kuka ga hukuma. Wanda ya sha ruwa ya yi ta amai, ko yaron da idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura, ko ya ke shiɗewa, a kai shi asibiti ran nan, a kuma gaya wa likita irin ruwan da a ke sha da sana'ar da a ke yi a gidan.

Shi maigidan nan da na ba ku labari, kafin in bar garin mun zubar da tsohon gawayinsa cikin rami, mun ɗebi ruwan rijiyar unguwarsu cikin kwalba. Ya ce in sakamako ya zo zai tara maƙwabta a ƙofar mai unguwa a karanta kowa ya ji. Abin da na ke roƙon kowane gari ya yi ke nan tun ba a kai ga ɗaukar yaro zuwa asibiti ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.